Yahuza Ma Yana Cikin Sha Biyun

'Yan'uwa cikin Almasihu, Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. A ƙananan ikilisiyoyinmu, tsanani daga waje bai kai cin amanar na gida zafi ba: ma'ajin da ya taɓa baiko, ko dattijon da ke kai asirinmu waje.

Mu tuna da Yahuza Iskariyoti. Ya bi Yesu, jakar kuɗi tana hannunsa, sun ci abinci tare, amma ya bashe shi a kan azurfa 30. Ashe zama a kujerar gaba ba shi ne almajiranci ba.

A ganina bai kamata mu karaya ba. Tun farko Yesu ya san mai bashe shi, kuma cin amanar nan ce ta kai ga gicciye, inda cetonmu ya fito. Wannan bai wanke Yahuza ba, alhakinsa yana wuyansa. Amma muguntarsa ba ta rushe shirin Allah ba.

Bitrus ma ya yi musun Ubangiji sau uku, amma ya yi kuka, ya tuba, aka maido shi. Kafin mu zargi wani, kowa ya binciki zuciyarsa. Allah ya taimake mu. Amin.