Manufar Darasi A Kan Allo: Wa Ake Rubuta Wa?

Shekara goma sha huɗu na yi ina riƙe da aji ɗaya da aji biyu na firamare, kuma babu abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kamar layin nan da ake tilasta mana rubutawa a saman allo kafin mu ce uffan, wai a ƙarshen darasi ɗalibai za su iya kaza da kaza. Da Turanci ake rubuta shi. Masu kallonsa kuwa 'yan shekara shida ne, yawancinsu ba su gama bambance "b" da "d" ba. To don Allah mai karatu, wa muke rubuta wa?

Na samu amsa ranar da wani sufeto ya zo mana. Ina koyar da ɗebewa da murafun kwalba, yara sun duƙufa suna ƙirga, sai ga shi a bakin ƙofa da hedimasta. Allo kawai ya kalla, ya ce, "Malam, ina manufarka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na faɗa musu da baki." Ya girgiza kai ya yi rubutu a takardarsa. Ko yaro ɗaya bai tambaya ba. A ajin da ke maƙwabtaka da ni ya tarar da manufa an ƙawata ta da alli mai launi, ya yi ta yabo. Tun ranar Litinin take a allon, ranar kuwa Alhamis ce.

Abin nan fa kayan aro ne. A 1962 wani Ba'amurke, Robert Mager, ya fitar da littafi a kan yadda ake tsara manufar koyarwa ta yadda za a iya auna ta, daga can salon ya bazu har ya iso kwalejojin horar da malamai namu. Mafi yawanmu a can muka haddace shi kamar karatun aku. A Ingila ma an yi yayin liƙa manufa a allo, amma a 2014 hukumar duba makarantunsu, Ofsted, ta fito fili ta ce ba ta buƙatar malami ya miƙa wa sufeto rubutaccen shirin kowane darasi. Masu abu sun sassauta, mu 'yan aro mun riƙe gam.

Na san abin da za a ce mini: rubutun yana sa malami ya san inda ya dosa. Ban musa ba. Malamin da ya shiga aji bai san me zai koyar ba ya ci amanar yara. Amma wurin wannan rubutu littafin shirin darasinsa ne. Yaro kunne gare shi tukuna. Ka ce masa, "Yau za mu gano abin da ke saura idan an ɗebe," da harshen da uwarsa ke yi masa magana, a cikin numfashi ɗaya an gama.

Inda ɓarnar ta fi yawa ma a ƙarshen darasi ne. "Kun gane?" Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Eh, Malam!" Wallahi da za ka tambaye su ko sun taɓa zuwa duniyar wata da irin wannan murya, "Eh, Malam" za su ce. Ko kuma a jefa tambaya, yara huɗun nan na gaba su ɗaga hannu, ɗaya ya amsa, a tafa masa, malami ya rubuta cewa manufa ta cika. Sauran sittin da ke baya fa? Abin mamaki, mu ne muka tashi a makarantar allo, inda ba a wanke wa yaro allo sai ya zo gaban malam ya biya karatunsa shi kaɗai. Mun san wannan sarai, amma da mun shiga ajin boko sai mu manta.

Ni abin da nake yi ba shi da wata ƙawa. Minti biyar kafin a kaɗa ƙararrawa sai in ce, "Goro bakwai gare ni, na ba Kaka uku, saura nawa? Kada wanda ya yi magana, ku nuna mini da yatsu." Kowa zai ɗaga a lokaci guda, ba damar jiran na gaba. A kallo ɗaya nake ganin masu huɗu, da masu uku, da waɗanda suka ɓoye hannu a cikin riga.

Ranar da sufeton nan ya zo, bayan ya tafi na yi wannan tambayar. Yara goma sha ɗaya suka ɗaga yatsu goma cif, wato tarawa suka yi maimakon ɗebewa. Washegari ban shiga sabon darasi ba, na zaunar da su a gindin darbejiya da murafun kwalbarsu muka sake daga farko. Rahoton sufeto ya iso bayan mako biyu, ya ce in gyara yadda nake amfani da allo.