Wahalar Masu Jiragen Sama

Maganar wannan mako ta attajirai masu jiragen sama ce, da ƙuncin da ya same su tun da kuɗin ƙasa ya raunana.

Kada wani ya ce ina ruwan Daura, tun da ba ta da filin jirgin fasinja. Maniyyacin da ya fito daga Zango ko Baure ko Sandamu sai ya tafi Katsina ya jira jirgi, jirgin nan kuwa na 'yan kasuwa ne, gama kamfanin gwamnati, watau Nigeria Airways, ya mutu tun 2003. Ashe aljihun waɗannan mutane ya shafi kowane mai niyyar sauke farali.

Marigayi Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo ya kafa Kabo Air a Kano cikin 1980, ya yi shekaru yana kai alhazai Jidda. Yau jiragensa ba su tashi. Haka Chanchangi na Kaduna da IRS na gidan Isyaku Rabi'u, kafin 2015 duka biyun sun tsaya. Mai gaggawar hukunci zai ce sakaci ne. Lalle ba a rasa sakaci a wani wuri ba, amma akwai cuta guda wadda ta game kowa a cikin sana'ar, kuma ɗan kasuwar Mai'aduwa ya fi ɗan boko saninta. Wanda ya sayo shanu a Nijar da sefa, ya sayar da su da naira, in naira ta faɗi kafin ya koma, ya yi ciniki amma uwar kuɗinsa ta ragu. To, mai jirgi kullum haka yake. Naira yake karɓa hannun fasinja, alhali hayar jirgin, da kayan gyaransa, da inshorarsa, da babban binciken da akan kai shi ƙasashen waje a yi masa, duk da dala ake biya.

A watan Yuni na 2016 dala ta tashi daga naira 197 zuwa wajen 280. Watan Satumba na shiga, Aero ya dakatar da jigilar fasinja, sa'an nan a Fabrairun 2017 hukumar AMCON mai karɓar basussukan da suka gagara ta karɓe Arik. Annoba ta biyo baya: 2020 da 2021 ba a ɗauki alhaji ko ɗaya daga Nijeriya ba, aikin Hajji kuwa shi ne kakar masu jiragen Arewa. A Mayun 2022 ƙungiyarsu, ƙarƙashin Alhaji Abdulmunafi Yunusa Sarina mai Azman, ta ce litar man jirgi ta haura daga naira 190 zuwa 700, har ta yi shelar tsayar da aiki, daga baya ta fasa. Farkon 2024 dala ta kai naira 1,500.

Abin takaici shi ne kowane attajiri so yake a rubuta sunansa shi kaɗai a jikin jirgi, ko da biyu ne gare shi, ko da bashin ruwa ne ya saya su. Fataken da suka bi hanyar Gwanja ba su yi haka ba. Ayari suka haɗa bayan madugu ɗaya, jakin wani ya gaji a raba kayansa. Shari'a ma ta buɗe wannan ƙofa, ga hukuncin shirka da ƙiradi nan cikin babin ciniki na Risala, wanda ɗalibai suke biyawa a zaure. Mai jirgi biyu, in ɗaya ya tafi gyara, rabin kasuwarsa ya tafi, bashin kuwa ba ya hutu. Nan ne Shaiɗan yake raɗa masa ya jinkirta gyara. Mota in ta mutu a hanyar Kongolam fasinja sukan sauka su tura. Jirgi ba shi da wannan rangwame.

Ya kamata waɗanda suka saura, kamar Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal a Katsina, su zauna da sauran attajirai su haɗa jari a kan abin da ya fi cin dala: rumfar gyara guda a Kano ko Katsina, da rumbun kayan gyara na tarayya, da samarin ƙasar nan waɗanda za a koya wa aikin a kwalejin jiragen sama ta Zariya, a riƙa biyansu da naira.