Gas a ƙarƙashin ƙasar Rima: a haƙa mu gani, a bar yi mana romon baka

Ranar nan ina mahaɗar Marnona ina jiran motar Sakkwato, sai ga wani ƙanena manomin albasa ɗauke da tukunyar gas a bayan mashin. Na ce, "Kai kuma girki ka koma?" Ya yi dariya ya ce injin ban ruwansa ya juya zuwa gas, don tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 noman rani ya fi ƙarfinsa. Gas ɗin nan kuwa daga Kudu ake ɗauko shi a mota, kuɗin hanya duk a kansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wataƙila irinsa na nan kwance ƙarƙashin gonar tasa.

Masana duwatsu sun daɗe suna nazarin kwarin Sakkwato, har sun raɗa wa shimfiɗun ƙasarsa sunayen garuruwanmu: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. Sun ce teku ya taɓa rufe yankin nan, shi ya sa aka tono ƙasusuwan wata dabbar ruwa da aka sa wa suna Goronyosaurus, wato daga Goronyo. Lakar da tekun ya bari ita ce ta daskare ta zama dutse mai falle-falle da Turawa ke kira shel. Shimfiɗar Dukamaje da ta Dange irin wannan dutse ne. A cikin irinsa gas ke maƙalewa, sai an huda shi an tura ruwa da yashi da ƙarfi ya tsattsage kafin ya saki.

Da wannan dabara Amurka ta farfaɗo da kanta. Daga dutsen Barnett a Texas zuwa na Marcellus a Pennsylvania, ƙasar da ke shirin sayen gas daga waje ta zama wadda ta fi kowa fitar da daskararren gas a 2023.

To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Dutse ya zama shel bai nufin akwai gas na kasuwa a cikinsa. Sai ya nutse da zurfi, zafin ƙasa ya dafa shi tsawon zamani. Namu a wurare da yawa yana kusa da sama, har kana ganinsa a gefen tsauni. Har yau babu rijiyar da ta tabbatar da gas na sayarwa a jihar nan. Don haka duk ɗan siyasar da ya hau mumbari ya ce "an samu mai a Sakkwato", ko namu ne, a tambaye shi ina rijiyar take.

Abin da ya kamata mu nema a fili yake. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin ɗari na ribar mai da gas da NNPC ke samu daga wasu kwangiloli don bincike a sabbin kwaruruka, kuma namu na cikinsu. Mun ga Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a Nuwamban 2022. Ina rabonmu? Wakilanmu a Majalisar Tarayya su tashi su tambaya: nawa aka kashe a kwarin Sakkwato, me aka gano, yaushe za a haƙa rijiyar gwaji? A buga sakamakon kowa ya gani. In akwai, alhamdu lillahi. In babu, mu san babu, mu maida hankali kan hasken rana da kuma neman a miƙo mana reshe daga bututun Ajakuta zuwa Kano.

Ina da sharaɗi biyu. Na farko ruwa. Fasa dutsen nan na shan ruwa mai yawan gaske, kuma in aka yi sakaci yana ɓata na ƙasa. Mu kuwa madatsar Goronyo da fadamar Rima su ne rayuwarmu, daga shinkafa har ruwan famfon birnin Sakkwato. Ba za mu ba da ruwan sha don mu karɓi gas ba. Na biyu tsaro. A 2017 an kai wa masu binciken mai hari a Magumeri ta Borno, rayuka suka salwanta. Wane injiniya zai kafa sansani a dajin Rabah alhali manomi ma bai iya zuwa gonarsa? Wanda ke son arzikin ƙarƙashin ƙasa ya fara tsare mutanen da ke samanta.

Matanmu na dafa tuwo da icce, itatuwa na ƙarewa, hamada na matsowa. Idan mai neman ƙuri'a ya zo ƙofarku, ku yi masa tambayar nan kafin ku ɗaga masa hannu. Allah Ya ba mu shugabanni masu jin kukanmu, amin.