Romon Kifi da Madarar Kwakwa da Lemun Tsami: Miya Ce Ko Romo?

Ɗalibin da aka ba aikin fassara bayanin wani girki daga Turanci ko Faransanci zuwa Hausa da wuya ya wuce layin farko bai rubuta "miya" ba, domin abin da ƙamus ya miƙa masa ke nan. A ganina wannan garaje ne. Girkin da zan kafa hujja da shi shi ne kifin nan da ake dafawa a cikin madarar kwakwa a matsa masa lemun tsami, wanda yanzu yake yawo a wayoyin mutane ana koya wa juna shi a matsayin abincin gaggawa. Bai fi aikin minti 20 ba idan an riga an tanadi madarar, amma kusan kowane mataki nasa yana tilasta wa mai rubutu ya tsaya ya zaɓi kalma, kuma a wurin zaɓen ne ake gane wanda ya iya Hausa da wanda ya haddace ƙamus.

Girkin ba na ƙasar Hausa ba ne, kuma babu dalilin da zai sa a ɗora masa rawanin da ba nasa ba. Bishiyar kwakwa ta gaɓar teku ce, tana son yashi da zafi da laima, shi ya sa Indunusiya da Filifin da Indiya suke kan gaba a nomanta. Mutanen Tailan suna da romon da suke kira tom kha. An fi saninsa da naman kaza, amma ana yin sa da kifi, kuma suna jefa masa wata saiwa 'yar'uwar citta, da ciyawar nan mai ƙamshin lemu da wasu ke sa wa a shayi, da ruwan kifin da aka jiƙa da gishiri ya yi watanni. A gaɓar Afirka ta Gabas, daga Lamu zuwa Mombasa zuwa Zanzibar, madarar kwakwa sunanta tui, kuma kusan kowane gida yana da 'yar kujera mai haƙoran ƙarfe a goshi da ake zama a kai a kankare kwakwa. Sunan kujerar mbuzi, wato akuya. A jihar Bahiya ta Birazil kuwa, kifin da suke kira mokeka yana shan madarar kwakwa da lemun tsami da manja, kuma manjan daga Afirka ta Yamma ya ƙetara teku a zamanin cinikin bayi. Wannan Bahiya ita ce inda bayi Hausawa suka shirya tawaye a 1807, kuma a birninta na Salbado aka yi babban boren bayi Musulmi a watan Azumin 1835.

Matsalar suna tun daga kwakwar take farawa. A tsohuwar Hausa "kwakwa" ta fi nufin ta manja, wannan mai sarƙaƙƙen gashi da farin ciki kuwa sai a ce mata kwakwar Attagara, wato an jingina ta ga ƙasar Igala ta bakin Kwara, ta inda fatake ke hauro da kayan kudu. Yau al'amarin ya juya: idan aka ce kwakwa kai tsaye a kasuwar Kano ko Maraɗi, wannan ake nufi, ta manja ce sai an ƙara mata bayani. Ɗalibin da ke karanta tsofaffin rubuce-rubuce ya kamata ya riƙe wannan, kada ya ga "man kwakwa" ya yanke hukunci bai duba zamanin rubutun ba.

Sai kuma ruwan kwakwa da madarar kwakwa, waɗanda masu fassara da yawa ke cakuɗawa. Ruwan shi ne wanda ake ji yana kaɗawa idan an girgiza ƙwallon, garai-garai yake, babu maiƙo a cikinsa, kuma wanda ya zuba shi a tukunya yana jiran romo mai kauri zai daɗe yana jira. Madarar kuwa ba a samun ta a cikin kwakwa, yin ta ake yi: a ɓanɓare farin naman, a goga ko a markaɗa, a zuba ruwan ɗumi, a matse a cikin kyalle mai tsabta. Matsar fari tana fitowa da kauri, sai a ajiye ta gefe. A sake zuba ruwa a kan tuƙar a matse, wannan ta biyun ta fi tsinkewa. "Madara" ce ta dace ba "nono" ba, domin nono a bakin masu saye da sayarwa ya riga ya kwana ya yi tsami, wannan kuwa sabuwa ce fara sol.

Duk wanda ya taɓa ganin ana kunun aya ya san wannan aikin, har ma kwakwa da dabino ake haɗawa a markaɗe. Kunun gyaɗa ya fi kusa: a dama gyaɗa a tace, a dafa farin ruwan nan mai maiƙo, sannan a tsinka shi da ruwan tsamiya ko lemun tsami. Haɗa madarar 'ya'yan itace da abu mai tsami ba baƙon tunani ba ne a madafar Bahaushiya. Abin da yake baƙo shi ne sa kifi da gishiri da yaji a ciki. Wannan ya sa nake ganin babu uzuri ga mai cewa Hausa ba ta da kalmomin bayyana irin wannan girki. Tana da su, a madafa suke, ba su cika shiga aji ba ne kawai.

To, miya ce ko romo? Miya a Hausa ba ta tsayuwa da ƙafarta. Mahaɗi ce, abokiyar tuwo ko shinkafa ko dambu, kuma wanda aka kawo wa kwanon miyar kuka zalla da cokali zai ɗauka ko dai an manta da tuwon ko an raina shi. Abin da Turawa ke sha da cokali kafin babban abinci bai taɓa zama miya ta wannan ma'ana ba. Romo shi ne ruwan da nama ko kifi ya dahu a ciki, ana kurɓarsa shi kaɗai, ana ba mai jego da maras lafiya. Farfesu kuwa, wanda kalmar aro ce daga Turancin kudu mai nufin romon barkono, ya riga ya kama ma'anar romo mai yaji da kayan ƙamshi, ba a san shi da fari ko maiƙon madara ba. Saboda haka ni "romon kifi da madarar kwakwa" na zaɓa.

Wani zai ce ai a Zanzibar da Bahiya a kan shinkafa ake zuba shi, don me ba za a ce miya ba? Yana da gaskiya, kuma gaskiyar tasa ta ƙara ƙarfafa abin da nake faɗa. Hausa ba ta raɗa wa abin da ke cikin tukunya suna bisa kayan da aka zuba, aikin da zai yi a kan faifai ko tire take dubawa. Idan an rage ruwa ya yi kauri aka malala shi a kan shinkafa, ya zama miya, ba gardama. Idan an bar shi ruwa-ruwa aka miƙa wa mutum da cokali, romo ne. Mai fassara sai ya karanta bayanin girkin har ƙarshe, ya ga yadda ake ci, kafin ya san sunan da zai rubuta a sama.

Ga yadda ake yi, da kalmomin da nake so a lura da su. A sami kifi rabin kilo mai tsoka, a yanka gunduwa-gunduwa kamar girman kan babban cokali. A cuɗe shi da gishiri da ruwan rabin lemun tsami, a bar shi minti 10 kawai, a ɗauraye, a tsane. Wannan don kashe ƙarni ne, kuma ƙarni kalma ce da Hausa ta keɓe wa warin ɗanyen kifi da nama da jini da ƙwai, ba a cewa "wari" a nan sai in kifin ya lalace. Tsamin lemun yana karya abubuwan da ke haddasa ƙarnin, har da warin taɓon nan na kifin kogi da tafki. Amma idan aka bar kifin ya daɗe a ciki, tsamin zai fara cin tsokar, bayanta ya yi fari ya yi tauri tun bai ga wuta ba. Mutanen Peru da gangan suke yin haka su ci, mu a nan ba shi muke nema ba.

A ɗora tukunya, a zuba man gyaɗa cokali 2, a sa albasa guda yankakkiya ta yi laushi ba tare da ta yi ja ba. A bi ta da jajjagen tafarnuwa da ɗanyar citta da attarugu ɗaya. Da ƙamshi ya tashi sai a zuba matsa ta biyu, kamar kofi 2, a bar ta ta tafasa a hankali minti 5. Wanda ya sayi madarar gwangwani, wadda yawanci mililita 400 ce, sai ya kwashe kaurin da ya taru a sama ya ajiye, ya sirka sauran da ruwa. Daga nan a rage wuta sosai, a jera kifin, a rufe. Minti 5 zuwa 7 ya isa. Ba a kaɗa shi da maburgi kamar kuka, ba a juya shi da muciya kamar tuwo, girgiza tukunyar ake yi a hankali, in ba haka ba kifin ya dagargaje. Idan tsokar ta yi fari har ciki tana ɓarewa sala-sala, ya nuna. Sai a zuba matsar fari, a jira ta ɗauki zafi kawai, a sauke. Bayan an sauke ne ake matsa lemun tsami ɗaya ko biyu, a ɗanɗana gishiri.

Tsarin nan yana da dalili. Madarar kwakwa mai ne da ruwa da wani ɗan sinadari ya riƙe su wuri guda. Wuta mai ƙarfi tana lalata abin da ya riƙe su, tsami ma haka, in suka haɗu sai madarar ta tsinke, mai ya taso sama, ƙasa ta yi gudaji-gudaji. Masu girkin Tailan sukan tsinka ta da gangan idan za su soya kayan yaji a cikin man, amma a romo aibu ne. Shi kuma lemun tsami idan ya tafasa ƙamshinsa gudu yake yi, ya bar tsami da ɗan ɗaci. Abin da ake nema a baki shi ne gardin kwakwa ya fara zuwa, yaji ya biyo, tsami ya wanke maiƙon. Idan babu tsamin romon zai gundure mai sha tun kafin ya kai rabin kwano.

A cikin wannan ɗan bayani akwai darasin nahawu da ya fi na allo zama a kai. "A tafasa ruwa" da "ruwa ya tafasa" rubutunsu ɗaya, amma na farko aikatau ne so-karɓau, na biyu ƙi-karɓau, karin sauti ne ya raba su, giredi na 1 da na 3 a tsarin Parsons. "Dafa" ta koma "dahu" a giredi na 7, inda f ta rikiɗe h a gaban u. Ɗaliban Tawa da Dogon Dutsi da Sakkwato, waɗanda tun asali "kihi" suke cewa, ba za su ga abin mamaki a nan ba.

Game da kifin da ya dace, giwan ruwa ne sarki, tsokarsa fara ce mai ƙarfi kuma ƙayarsa kaɗan ce. Karfasa tana yi, sai dai a yi haƙurin cire ƙaya. Tarwaɗa ba na ba da shawararta, ko da an wanke yauƙinta da ruwan zafi, domin kitsenta da na kwakwa idan suka gamu nauyin ya yi yawa. Kifin banda kuwa hayaƙinsa zai danne kwakwar gaba ɗaya. Haka daddawa: aikin da ruwan kifin Tailan ke yi a can shi daddawa ke yi a miyarmu, amma a farin romo irin wannan ƙarfinta ya wuce kima, gishiri da ɗan garin busasshen jatan lande sun wadatar. Mazauna zangon Ankara da Kwatano da Duwala, da ɗanyen kifin teku da sabuwar kwakwa ke kusa da su, sun fi mu dacewa da girkin. Mu na tudu kwakwarmu ta sha tafiya a mota, saboda haka a girgiza kafin a saya, wadda ba a ji ruwa a cikinta ba a bar ta.

Saura abu ɗaya da na san za a yi mini gardama a kai. Masu rubuta girki da Hausa sun saba da "uwargida, ki wanke, ki yanka, sai ki zuba", kuma salon yana da daɗi, kamar yaya ce ke koya wa ƙanwarta. Ni na yi amfani da "a wanke, a yanka". Ba ina ƙyamar "ki" ba ne, a shafin da aka buɗe don mata ita ce daidai. Amma bayanin da aka fassaro bai ware jinsi ba, kuma Sarkawan da ke dafa kamunsu a bakin kogi, da masu sayar da soyayyen kifi a tasha, da ɗaliban da ke girki a kan risho a ɗakin kwana, da yawansu maza ne. Mai fassarar da ya sa "ki" ya ƙara wa rubutun abin da babu a cikinsa. Wakilin suna "a" ya ɗauke wannan nauyi, kuma da shi da "sai" ana iya jera matakai goma ba a sa lamba ko ɗaya ba.