Lafiya Uwar Jiki: Ciwon kunnen yara ya fara ƙin jin magani

Jama'a, da yawanmu a zango, idan yaro ya kwana yana kuka yana jan kunne, sai mu aika kemis a sayo amoksisilin na kwana biyu. Zazzaɓi na sauka, mu daina. To, ƙwayoyin cutar da suka tsira su ne masu taurin kai, su ke hayayyafa har magani ya daina cin su. Tun 1945 Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi wannan kashedi. Kunnen da ya daɗe yana mugunya kuwa yana iya kurmancewa. Don haka mu kai yaro asibiti a duba, domin wani ciwon kunnen yakan warke ba da wannan magani ba. In likita ya rubuta, mu cika kwanakin da ya ce. Allah ya raya mana zuri'a.