Turancin Baka Ma Yana Da Nahawunsa

Idan yaro a unguwar Harlem ta birnin New York ya ce "I didn't see nobody", malami kan ɗaure fuska ya ce ya karya nahawu, wai korewa biyu a jimla ɗaya suna kashe juna. Wannan doka ba daga bakin jama'a ta fito ba. Malamin cocin Ingila Robert Lowth na cikin waɗanda suka yaɗa ta, a littafin nahawunsa na 1762, alhali kusan ƙarni huɗu kafin nan shahararren mawaƙin Turanci Chaucer yana jera korewa biyu har uku ba tare da an ce ya yi kuskure ba. Bahaushe ya fi kowa saurin gane raunin hujjar: "ban ga kowa ba" na ɗauke da "ba" a farko da ƙarshe, kuma babu mai jin haka ya ɗauka an ga wani. Saboda haka nake cewa Turancin baka yana da nasa tsari, kuma zalunci ne a kira shi jahilci.

Masanin harshe William Labov ya nuna haka a binciken da ya yi kan maganar matasa baƙaƙen fata na Harlem a shekarun 1960. A karin harshensu "he be working" na nufin yakan yi aiki, "he working" kuma yana aiki yanzu. Bambancin "yakan" da "yana" ke nan, kuma mai wannan karin ba ya rikita su. Inda babu ƙa'ida ba a samun irin wannan daidaito. A 1979 ma wata kotun tarayya a Amurka ta umarci hukumar makarantun birnin Ann Arbor da ta taimaki malamai su fahimci maganar gida ta ɗalibansu wajen koya musu karatu.

Masu ja da wannan ra'ayi za su ce jarrabawar WAEC, da takardar neman aiki, da zauren kotu, duk daidaitaccen Turanci suke so, kuma wanda ya sakar wa yaro linzami ya cuce shi. Gaskiya ne, wajibi ne a koyar da daidaitaccen Turanci da kyau, domin shi ne mabuɗin ƙofofi da yawa. Sai dai koyar da shi bai buƙaci a muzanta abin da yaro ya tashi da shi ba. Basakkwace da ke cewa "shina zuwa" a gida yana rubuta "yana zuwa" a jarrabawa, bai rasa ko ɗaya ba. Wasu kuma na tsoron idan an karɓi komai, kuskure ya kau ke nan. Bai kau ba: jimlar da babu wata al'umma da ke faɗinta kuskure ce, haka nan maganar kasuwa a wasiƙar ofis. Shi kansa daidaitaccen Turanci daga bakin mutane yake sha. A Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya karɓi kalmomin Turancin Najeriya irin su "next tomorrow" da "Kannywood".

Abin da ya kamaci malami shi ne ya rubuta jimlolin biyu a kan allo, ta hira da ta takarda, ya nuna wa ɗalibi muhallin kowacce. Yaron da aka yi wa dariya yakan ja bakinsa ya yi shiru, kuma mai shiru ba ya koyon harshe.