Filin Harshenmu: Baki Nawa Ne Ga Bahaushe?

A wannan wata za mu ɗauki kalma ɗaya tak, wato "baki", mu ga inda za ta kai mu.

Duk wanda ya bi hanyar Gadarif zuwa Kasala ya san garin Khashmul Girba, inda aka kammala madatsar ruwa a kan kogin Atbara a 1964, domin shayar da gonakin Sabuwar Halfa, wurin da aka tsugunar da mutanen Wadi Halfa da ruwan madatsar Aswan ya ci garinsu. To, a Larabcin Sudan "khashm" shi ne baki, "girba" kuwa salka. Ashe ke nan sunan garin da Hausa shi ne Bakin Salka. Haka nan maƙwabtanmu suna cewa "khashmul bab", mu kuma mu ce bakin ƙofa. A nan harsunan biyu sun yi daidai.

Amma kada wannan ya ruɗe mu. Idan Balaraben Sudan ya ce "khashmul bait", galibi zuriya yake nufi, wato reshe ɗaya na dangi. Bahaushe kuwa in ya ce bakin gida, wurin shimfiɗa tabarma yake nufi. Wanda ya je Saudiyya kuma zai tarar "khashm" can hanci ne.

Yanzu sai mu duba namu. Baki shi ne mashiga, kamar bakin tulu, bakin rijiya, da bakin buhun riɗi da ake ɗinkewa kafin a kai kasuwa. Baki shi ne gefe: garin Mai Wurno, wanda kakanninmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, yana bakin kogi. Baki shi ne kaifi, kamar bakin lauje. Baki shi ne iyaka: "na yi iya bakin ƙoƙarina". Har ciniki yana da nasa: "na sayar da buhun dawa a bakin fam kaza". Mai noma yana bakin aiki, dattijo yana sa baki a raba faɗa, maƙiya suna haɗa baki, mai alfahari yana cika baki, jama'a kuma suna amincewa baki ɗaya. Hausawa dai sun ce baki shi ke yanka wuya.

Abin damuwar shi ne, yaron da ya tashi a unguwa yana Larabci a makaranta da kasuwa yakan riƙe ma'ana ɗaya kawai, bakin cin tuwo. Sauran kuwa, waɗanda Larabci ba shi da takwararsu, su ne ke fara zubewa. Daga nan sai ka ji Hausa a bakinsa, amma ginin maganar duk na Larabci ne.

Akwai kuma tarko ga masu rubutu. Baki daban, baƙi daban. Mai lanƙwasa shi ne launi, shi ne kuma mutanen da suka sauka a gidanka. Wanda ya rubuta "bakin ciki" ya yi wa ciki ƙofa, alhali baƙin ciki yake nufi.

Saboda haka iyaye, musamman mata da ke wuni da yara, a riƙa aiken yaro bakin kasuwa da wannan suna, a kuma tambaye shi me ake nufi da kame baki. Masu karatu da suka san wata ma'anar da muka tsallake, su rubuto mana. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.